Yadda Injiniya Ya Wanke Kwamfutar Matarsa

Akwai wani mutum a unguwarmu da kowa ke kira Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi mutane da shi har ya zauna. Aikinsa na gaskiya dillancin gidajen haya ne, shi ma ɗin ba kullum ba. Ya taɓa shiga wani ajin koyon kwamfuta, bai kai rabi ba ya fice, ya ce malamin bai san komai ba, shi ne ma ke yi masa gyara. Tun daga nan babu wani abu mai waya ko maɓalli da zai yi tari a gabansa ya bar shi ya huta. Rediyo, dutsen guga, agogon bango, duk sun ɗanɗana hannunsa. Fankar falonsu tun da ya gyara ta sai an tura ta da sanda take tashi. A bakinsa kuwa ba a taɓa jin "ban sani ba". Kafin ka rufe baki ya ce, "Ai na sani." Ko haihuwar da aka yi yanzun nan ka zo gaya masa, ai ya sani.

Matarsa mai ɗaukar hoto ce, ita ce kuma ke riƙe da gidan, ko da yake ba a faɗar haka a gabansa. Shagon hoton na mahaifinta ne, ita ta gaje shi tun yana raye. Ɗaki biyu ne a bakin titi. A na gaba akwai benci da akwatin gilashi da aka jera hotunan jarirai da amare. A na ciki akwai labule mai zanen ruwa yana zubowa daga dutse, da fitilu biyu masu lema, sai tebur a lungu inda kwamfutar take, doguwar baƙar kwamfuta a ƙasa, allonta a sama, da maus da kibod marasa waya.

Mahaifin nata, wanda kowa ke kira Baba, tsohon mai hoto ne. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya yi rauni, amma kullum da safe sai ya zo shagon ya zauna a kujerar da ke kusa da teburin. Idan babu mutane ya ce, "Uwata, buɗe mini na da." Sai ta buɗe masa. Ta daɗe tana wahalar kwashe hotunan tsofaffin fim ɗin kyamararsa tana zubawa a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Allah ya sa ta yi hakan, domin daga baya rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa kwalayen, fim da albam suka manne suka ruɓe. A cikin abin da ta tsirar har da hotunan mahaifiyarta, wadda ta rasu tun tana budurwa. Su ne Baba ya fi son a buɗe masa. Ya kan matso da fuskarsa dab da allo, wani lokaci ya yi 'yar dariya shi kaɗai.

Matar, wadda ake kira Mai Hoto, ba ta wasa da aikinta. Duk hoton da ta ɗauko sai ta zuba shi a kwamfuta, ta sake zuba shi a wata 'yar ma'ajiya da ake jonawa da waya, ta mayar da ita cikin durowa, sannan ta goge katin kyamara don aiki na gaba. Haka ta yi da hotunan wani babban biki da ta ɗauka a kwanakin nan, waɗanda ba ta riga ta gama gyarawa ba.

Wata safiya kwamfutar tana cikin sabunta kanta aka ɗauke wuta. Akwai akwatin batir da ke riƙe ta idan hakan ta faru, amma Injiniya ya riga ya gyara shi, don haka ya mutu tare da wutar. Da wuta ta dawo, kwamfutar ta tashi, sai dai ba ta kai inda ta saba ba. Ta tsaya a wani shuɗin shafi mai rubutun Turanci da 'yan akwatuna, shafin da take fitarwa idan tana neman a farfaɗo da ita. Mai Hoto ta motsa maus, ko kibiyar ba ta gani ba. Ta danna kibod, shiru.

Ga shi kuma ana jiranta a wata makaranta, za ta ɗauki ɗaliban da suka kammala. Ta kira mai gyaran da ke duba mata kwamfutar tun da ta saye ta, ta sa muryarsa a fili don Baba ya ji.

Mai gyara ya ce, "Kada hankalinki ya tashi, Anti. Hotunanki suna nan, ba abin da ya same su. A wannan shafin kwamfuta ba ta gane maus da kibod marasa waya irin naki. Sai an jona mai waya, kuma a ramukan baya, don na gaban naki ba sa aiki a nan. Amma don Allah ko kin samu kada ki zaɓi komai. Akwai zaɓin da in aka danna shi, an gama. Ina wani aiki, zan zo da yamma da kayana."

"To, Allah ya kawo ka lafiya. Ba wanda zai taɓa."

Tana rataya jakar kyamara Injiniya ya shigo, yana kaɗa makullin babur a yatsa. Ya dubi shuɗin allon, idonsa ya yi haske kamar an ajiye masa abinci.

"Me ya same ta?"

Ta gaya masa. Ta kuma gaya masa abin da mai gyara ya ce.

Ya ja tsaki. "Wannan ɗan abin ne za a kira wani ƙato ya zo? Ina gidan?"

"Maigida, don girman Allah ka bar ta. Aikin mutane ne a ciki, ga na Baba. Ka yi mini wannan alfarmar."

"Ke dai tafi, kada ki makara."

"Ka yi mini alkawari."

"Na ce ki tafi. Ni yaro ne?"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana dubansa, ta dubi mahaifinta. Baba ya ɗaga mata hannu, wato ta je, yana nan. Ta tafi, zuciyarta ba ta kwanta ba.

Ƙarar motar da ta ɗauke ta ba ta gama ɓacewa ba Injiniya ya naɗe hannun riga ya zauna a kujerarta.

Baba ya ce, "Ɗana, ai cewa aka yi a bari."

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Dubawa kawai zan yi. Waɗannan masu gyaran, tsoratar da mata suke yi don a riƙa nemansu."

Ya fara da maus. Ya girgiza shi, ya kife shi, ya hura masa iska, ya goga shi a cinyarsa. Ya cire batir ɗin ya lasa, ya ce ya mutu. Ya kwance na agogon bango ya sa, agogon ya tsaya, maus ɗin bai tashi ba. Ya koma kan kibod ya yi ta dukan maɓallan da tafin hannu kamar mai kiɗa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, kowane karo ta dawo masa da shuɗin shafinta. Ya ce lallai ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma babba ce, irin ta ƙasashen waje.

Baba ya ce, "Mai gyaran ya ce wai sai mai waya."

"Ai na sani, Baba. Ina bin abin ne daki-daki."

Ya fita zuwa shagon da ke maƙwabtaka da su, inda ake buga takardu, ya ce a ba shi aron kibod mai waya. Maƙwabcin ya zaro wani tsoho daga ƙarƙashin tebur ya kaɗe masa ƙura.

"Ga shi, Injiniya. Maus kam ba ni da na aro. Amma ka kula, maɓallin nan mai kibiyar ƙasa yana maƙalewa, sai ka ɗago shi da farce."

"Ai na sani. Duk irinsu haka suke."

Maƙwabcin ba shi da aiki a lokacin, sai ya biyo shi don ya ga yadda za a ƙare. Wannan shi ne ya ƙarasa lalata al'amarin, domin Injiniya in ya samu 'yan kallo, ko rijiya ce a gabansa sai ya ce ai ya san zurfinta.

Ya jona kibod ɗin a ramin gaba. Ba abin da ya faru. Ya canza zuwa ɗaya ramin, nan ma shiru. Ya juya ya dubi maƙwabcin.

"Wannan ai gawa ka ba ni."

"Jiya-jiya na yi aiki da shi."

Baba ya yi gyaran murya. "Kamar na ji ya ce ramukan baya."

"Can zan je, Baba. Sai an fara gwada na gaba tukuna, haka ƙa'idar take."

Ya durƙusa ya kutsa kai ƙarƙashin tebur, yana nishi, ya lalubo wani rami a baya ya cusa. Nan take 'yar koriyar fitila ta kama a kan kibod ɗin. Ya fito da yanar gizo-gizo a hularsa, ya miƙe, ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Da wani ne sai ya wuni."

Maƙwabcin ya ce, "Kai, Injiniya, sannu da aiki."

Baba ya ce, "To, madalla. Tunda ya kama, sai a bar shi haka har mai gyaran ya zo."

Da a nan ya tsaya, da ya ci yabon da bai cancanta ba, kowa ya koma gida lafiya. Amma yabon maƙwabcin ya riga ya shiga kansa. Ya ce, "A bar shi? Ai yanzu aka fara. Kafin ta dawo na gama komai, shi kuma in ya zo ya sha ruwa ya koma."

Sai dai akwai matsala. Babu maus, don haka babu kibiyar da za ta nuna masa inda yake. Sai wani siririn layi da ke zagaye akwatin da aka zaɓa, shi ma sai mai ido ke ganinsa. Injiniya kuwa yana da tabarau a aljihu, likita ne ya rubuta masa, amma ba ya sa shi a gaban mutane, wai yana tsufar da shi. Ya ƙanƙance ido, ya danna kibiyar ƙasa, ya danna enta, maɓallin amincewa. Shafi ya canza. Ya sake dannawa, wani ya fito. Kowane shafi da ya wuce sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa," kamar ya gamu da tsohon aboki.

Ya iso wani shafi mai akwati biyu. Na sama yana cewa a gyara kwamfutar a bar wa mai ita kayansa. Na ƙasa yana cewa a goge komai. Maɓallin da aka gargaɗe shi a kansa ya riga ya maƙale, layin ya gangara ya zauna a na ƙasa. Bai duba ba, ya danna enta. Aka ƙara tambayarsa, sharar sama-sama za a yi ko wankin da ba ya barin ko alama. Layin ya sake gangarawa ƙasa. Ya sake dannawa.

Baba ya ce, "Me take cewa ne?"

"Godiya take yi, Baba."

Daga nan shafin ƙarshe ya fito, mai dogon rubutu. Kwamfuta ba ta yin irin wannan aikin sai ta yi gargaɗi, kuma ta yi. Yawan rubutun ya sa Injiniya ya ɗan tsargu. Ya juya baya kamar zai share gumi, ya zaro tabarau ya saka, ya karanta. Turancinsa bai kai ya kawo ba, amma ya kai ya gane cewa za a cire duk fayiloli, duk hotuna, duk abin da ke ciki.

A nan ne fa ya kamata mai karatu ya dubi wannan mutum da kyau. Ba a goge komai ba tukuna. Akwai akwatin fasawa a gefe, amma bai san yadda zai kai gare shi ba tunda babu maus. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ɗauke hannunsa ya ce, "Na kai inda ban gane ba, a jira mai gyara." Ko ya kira matarsa. Ko ya tashi ya fita ba tare da ya ce uffan ba. Amma ga surukinsa a dama, ga maƙwabci a hagu yana leƙe ta kafaɗarsa.

Maƙwabcin ya ce, "Yaya dai, Injiniya? Ta gagara ne?"

"Ta gagari wa?"

Sai ya shiga lallashin kansa. Ya ce a ransa ai "komai" ɗin nan ƙila duk matsalolin ake nufi. Ai ba yadda za a yi kamfani ya ƙera abin da zai cinye kayan mutane. Ai ko ma mene ne, zai san yadda zai yi daga baya. Ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan enta.

Allon ya yi baƙi, wasu ɗigo suka fara zagayawa, lamba ta fara hawa a hankali.

"Wanka take yi," in ji shi. "Za ta fito tas."

Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Aikin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Maƙwabcin ya koma shagonsa, Baba ya fara gyangyaɗi a kujera. Injiniya ya zauna yana kallon lambar tana hawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf duk da fanka na kaɗawa. Ya san abin da ke faruwa. Hannunsa ya kai kusa da maɓallin kashewa ya dawo, domin in ya kashe sai ya yi bayani. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ya fita waje ya ɗauka.

"Maigida, ba a taɓa ta ba dai ko?"

"Tana nan yadda kika bar ta."

"Alhamdu lillahi. Na gode. Wallahi tun ɗazu gabana ke faɗuwa."

"Ke dai kin cika tsoro. Yi aikinki."

Ya koma ya zauna, ya bar ta ta ci gaba da wanka.

Can da rana ta karkata kwamfutar ta tashi sabuwa fil, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ta nemi a rubuta sunan mai ita, ya rubuta INJINIYA da manyan baƙaƙe. Ya haɗa mata maus ɗin marar waya, wannan kam ya iya, don kamar haɗa waya da sifika ne. Kibiya ta fito tana yawo a allo. Ganin haka sai tsoron ya sake shi, har ya fara yarda cewa ya yi abin kirki. Ya tashi Baba, ya leƙa ya kira maƙwabci, ya riƙa zagaya kibiyar yana cewa su duba yadda take gudu.

A haka Mai Hoto ta same su, mai gyara na biye da ita da jakarsa, don a bakin ƙofa suka haɗu.

Injiniya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka sha hanya a banza. An gama."

Matar ta dubi allon. Hoton da ta saba gani a kai, na mahaifiyarta zaune a bakin taga, babu shi. Sai wani tsauni da ba ta sani ba, da sunan mijinta. Ta ajiye jakar kyamara a hankali, ta karɓi maus ɗin daga hannunsa. Ta buɗe inda take ajiye aikin mutane. Fayau. Ta buɗe inda na Baba suke. Fayau. Ta rufe ta sake buɗewa, kamar wanda ya duba aljihu bai yarda ba.

"Ina hotunan?"

"Suna ciki mana. Ɓuya suka yi, sai ta gama daidaita."

Mai gyara ya zauna, ya jona wani abu nasa, ya daɗe yana dubawa. Daga ƙarshe ya jingina da kujera.

"Anti, an goge ta, kuma goge mai zurfi. Irin wanda ake yi in za a sayar da kwamfuta. Yana bin wurin ne yana rubuce shi, don kada a iya dawo da komai. Da an kashe ta tun da farko-farko an kira ni, da na ceto da yawa. Amma an bar ta ta kai ƙarshe."

Injiniya ya ce, "To ai ƙwayar cutar ce. Tun safe na faɗa. Ko kuma kibod ɗin wancan ne, maɓallinsa maƙalewa yake yi."

Maƙwabcin ya ce, "A'a, Injiniya. Na gaya maka, ka ce ka sani." Ya sunkuya ya zare kibod ɗinsa, ya naɗe wayar, ya fita.

Mai Hoto ta juyo ta dubi mijinta. "Lokacin da na kira ka, tana cikin gogewa?"

Ya dubi silin.

Ta rufe ido, ta ja dogon numfashi. Sannan ta ce, "Ba komai. Allah ya sa ina da ma'ajiya." Ta jawo durowa. Ta ɗaga takardu, ta ɗaga wayoyi, ta zazzage durowar a kan tebur. Babu.

"Baba, kun ga 'yar baƙar ma'ajiyar nan?"

Baba ya ce, "Kwanaki na ga mijinki ya sa ta a aljihu. Na ɗauka ke kika aiko shi."

A gida aka same ta, a maƙale a bayan talabijin. Injiniya ya ji an ce talabijin ɗin na iya naɗar wasan ƙwallo in an jona masa ma'ajiya. Da ya jona, talabijin ya tambaye shi ko a share ta a shirya ta, ya danna eh, don shi bai taɓa ganin tambayar da ba a amsa ta da eh ba. Ya kuma bar ta tana naɗar tashar wasanni ba tsayawa har ta cika. A wurin da aikin rayuwar Baba yake, yanzu akwai ƙwallo, da tseren keke, da tallan man shafawa.

Mai gyara ya tafi da kwamfutar da ma'ajiyar ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba. Daga hotunan bikin an samu na kujeru kafin mutane su zo, da na wata mota a bakin ƙofa. Daga na Baba an samu 'yan tsiraru, yawancinsu na mutanen da ba wanda ya san su. Na mahaifiyarta guda ɗaya ya fito. Ana ganin hannunta da zanenta da gefen tagar, amma daga wuya zuwa sama toka-toka ne kawai. Baba ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Rufe, Uwata." Ya laluba sandarsa ya tashi.

Mai Hoto da kanta ta je gidan masu bikin ta faɗa musu. Ba ta ambaci mijinta ba, ta ce laifin shagonta ne. Uwar amarya ta wanke ta tas a gaban mutane, ta ce 'yarta guda ce, bikin kuma ba za a sake shi ba. Mai Hoto ta tsaya ta shanye, don ta san matar tana da gaskiya. Bayan haka ta bi 'yan biki gida-gida tana roƙon hotunan da suka ɗauka da wayoyinsu, masu duhu da masu karkata, ta gyara abin da zai gyaru ta haɗa musu albam. Sun karɓa, ba su ce an gode ba. Labari kuma ya zaga. Masu biki suka koma wani shagon, ita aka bar ta da hoton fasfo da na katin makaranta.

Shi kuwa gogan naku, ko sau ɗaya bai ce a yafe masa ba. Da ta matsa masa da tambaya a gida, borin kunya ya yi, ya ce laifinta ne da ba ta da ma'ajiya biyu, kuma ai ya kamata a gode masa, don da bai sa hannu ba da kwamfutar ƙonewa za ta yi. A majalisarsu ma haka yake faɗa har yau, yana ƙarawa da cewa yanzu ta fi da gudu.

Ba ta ce ya sake ta ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Ta canza makullin shago, ba ta ba shi ba. Baba ya daina zuwa da safe, ya ce idonsa ne, amma kowa ya san babu abin da zai zo gani. In Injiniya ya je gaishe shi ya kan amsa da "lafiya" ɗaya, ya juya ga rediyonsa. A gida kuma matar ta daina musu da shi gaba ɗaya. Duk abin da ya faɗa sai ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da abin da take yi. Yaransu ma suka koya. Ya kan zauna a falo ya yi ta bayani a kan siyasa da injin jirgi da maganin ciwon baya, ana ce masa haka ne, ana tashi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai. Shi a ganinsa sai yanzu ne aka gane darajarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa da inda iliminsa ya tsaya. Abin kunya shi ne mutum ya kai iyakarsa ya gani, sannan ya ci gaba don kada a ce bai iya ba, alhali abin da zai lalace ba nasa ba ne. Idan na'ura ta yi maka tambayar da ba ka gane ba, ka ɗauke hannunka ka tambayi wanda ya sani. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun da sauran abin da za a ceto, domin ɓarnar da ake yi wajen ɓoye kuskure ta fi kuskuren kansa. Kunyar cewa "ban sani ba" ta ɗan lokaci ce, amma abin da girman kai ya goge, sau da yawa ba ya dawowa, ko a cikin kwamfuta ko a cikin zukatan mutane.